Shekarar 2024 a Faransa

Ina duba hotunan da ke wayata, sai na tarar da na daren 9 ga Yunin 2024, muna cin abinci da maƙwabta a Saint-Denis da ke gefen Paris lokacin da Shugaba Macron ya rusa majalisa bayan jam'iyyar Le Pen mai adawa da shigowar baƙi ta lashe zaɓen majalisar Turai a Faransa. Wallahi abincin nan bai ƙara ciwuwa ba. Mu baƙi mun san abin da nasararsu take nufi ga takardun zama. Wata guda cur gabana yana faɗuwa, sai ranar 7 ga Yuli da gamayyar masu ra'ayin sauyi ta zo ta ɗaya a sabon zaɓen majalisa na yi barci mai daɗi.

Ba a yi sati uku ba aka buɗe gasar Olamfik a kan kogin Seine, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Léon Marchand ɗan Faransa ya ci zinare huɗu a ninƙaya, mutanen da ke hararar juna a jirgin ƙasa suka koma rungume juna. Na yi murna, har ƙwalla.

Majalisa ta kifar da gwamnatin firaminista Barnier a Disamba, Bayrou ya zama firaminista na huɗu a shekarar. Ni kuwa ina jiran sabunta takardata.