Aikinmu a gonakin inabi na Bordeaux

Ƙaramin kamfani gare ni a yankin Bordeaux na ƙasar Faransa, muna kai ma'aikata gonakin inabi, datse rassa da sanyi, ɗaure su a waya, sai girbi a watan Satumba. Ni Kirista ne ɗan Maraɗi, cikin yarana akwai Musulmi da ba sa taɓa giya ko kaɗan, aikin gona kawai suke yi kuma su ne suka fi kowa iya almakashi.

Da na fara gaskiya kwalbar giyar ce ke ban tsoro. Mai gona zai ɗauko ta yana ta magana kan yankunan Médoc da Pomerol da jerin manyan gidajen giya da aka tsara tun 1855 lokacin Napoleon na uku, ni kuwa in yi shiru ina gyaɗa kai, don a jikin takardar ba a ma rubuta wane irin inabi ne ba, sunan wuri kawai da shekara. A gona na gane dalilin. Su sunan wurin ne ke faɗa musu komai, kamar yadda in ka ce albasar Galmi a kasuwa ba sai ka ƙara bayani ba.

Ka je hagu da kogin Garonne, can Médoc, ƙasar tsakuwa ce zalla, da rana ka ɗauki dutse a hannu zaka ji ɗumi, ruwa baya kwanciya, shi yasa inabin Cabernet Sauvignon mai jinkirin nuna yake son wurin, fatarsa kauri gareta kuma giyarsa na kama baki. Ka tsallaka kogin Dordogne wajen Saint-Émilion da Pomerol sai laka da farar ƙasa, takalminka ya yi nauyi in an yi ruwa, nan inabin Merlot yake kuma yana rigan nuna, don haka kullum can muke fara girbi kafin mu koma Médoc. Jadawalin aikina ma shi ya koya min taswirar.

Shekarar da ake rubutawa kuma ba ado bane. A Afrilun 2021 sanyi ya sauko bayan tsiro ya fito, muka kwana muna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka, hayaƙi ko'ina, duk da haka da safe wasu ganyen sun yi baƙi kamar an ƙona su. Duk kwalbar da na gani da 2021 a jiki daren nan nake tunowa.

Yanzu in sabon yaro ya zo, ba na fara masa da sunaye. Almakashi nake bashi, in nuna masa reshen da za a bari da idon da za a ƙirga, in sa shi ya damƙi ƙasar gonar ya faɗa min tsakuwa ce ko laka.