Lambun da ke kan rufin gida

Na daɗe ina ganin cewa noma a cikin birni ya fi ƙarfin a kira shi abin sha'awa kawai. Siminti da kwalta suna shan zafin rana da yini, su sake shi da dare, shi ya sa birni ya fi ƙauye zafi, amma ganyen shuke-shuke yana fitar da ruwa zuwa iska yana sanyaya wuri. Ƙasar lambu kuma tana tsotse ruwan sama da zai cika magudanai ya haddasa ambaliya, sannan shara mai ruɓewa ta zama taki. Abin da nake tsoro shi ne ruwan ban-ruwa mai ƙazanta, domin kayan lambu suna ɗauke gubar da ke cikinsa.