Kafin ka shimfiɗa wa iyalinka katifa a cikin mota

Ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a unguwar Gwammaja cikin Kano, waya a hannu, yana nuna mini wani Bature da matarsa a Amurka suna zaga ƙasa cikin mota mai ɗaki, ga gado, ga wurin girki, har da banɗaki. Ya ce, "Kawu, irin wannan zan yi. Zan ɗauki shatar Hiace a cire kujerun baya a sa katifa, in kwashi Umma da iyalina mu je biki Maiduguri, ba sai mun kama masauki ba." Na rasa ta inda zan fara, domin abin da yake faɗa na aikata shi tun yana firamare.

Zamanin marigayi 'Yar'aduwa ne, kafin rikicin Boko Haram na 2009, litar mai ba ta kai naira ɗari ba. Na yi shatar ƙaramar bas da direbanta, na ɗora mahaifiyata da uwargida da yara, muka kama hanya ta Wudil. Ban yi don rowa ba, Allah ya sani. So nake yara su ga ƙasa, su san akwai duniya bayan Mariri, mu tsaya inda muka ga dama ba tare da kwandasta yana buga mana mota ba. Har yau ban ga laifin niyyar ba. Amma ni na tsara komai a kaina, ban tambayi mace ko ɗaya ba.

Kafin mu kai Azare wuri ya ƙare. Katifar da na yi alfahari da ita ta koma ma'ajiyar kaya: jarkokin ruwa, kulolin abinci, buhun kayan biki, buta, risho. A wani rami rishon ya kife, kalanzir ya jiƙa soson, warin ya bi mu har muka dawo. Ƙaramar 'yata ta dinga amai. Ga zafin bazara, in an buɗe gilas ƙura, in an rufe gumi.

Wannan duk da sauƙi. Abin da har yanzu yake ci mini rai, sai da muka kwana a wani gidan mai a Potiskum na lura Inna ba ta sha ruwa ba tun safe. Leɓenta ya bushe, tana ta jan carbi, in an miƙa mata kofi ta ce ta ƙoshi. Ashe tsoron fitsari take yi, ba za ta iya cewa a tsaya mata a gaban direba ba, baƙon namiji. Uwargida ma a zaune ta kwana da mayafinta, ba ta iya miƙe ƙafa a gaban surukarta, ba ta iya sauya zane. Ni kuwa ina kan tabarma a waje ina jin iska, ina ganin tafiya ta yi kyau. Zan iya cewa ai ba wanda ya gaya mini, kuma gaskiya ne ba su gaya mini ba. To amma wace uwa ce za ta buɗe baki ta faɗi wannan? Ni ya kamata in gani.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku matasa, sai na ga ba za ku karanta ba. Ku da ba kwa iya sauraron magana ta minti biyu ba ku leƙa TikTok ba! Motar Baturen nan ƙera ta aka yi don kwana, da tankin ruwa da na bahaya, kuma a ƙasarsu akwai filayen da ake biya a ajiye irinta a jona wuta da ruwa. Kai a ina za ka jona tsakanin Shuwarin da Damaturu?

Kada ka kwana da iyali a mota a wannan hanya, ko kusa. A watan Fabrairun 2020, matafiya da suka tarar an rufe hanyar shiga Maiduguri suka kwana a motocinsu a Auno, aka far musu cikin dare, aka kashe mutum aƙalla 30. Ka fita da asuba, in yamma ta same ka a Damaturu ka nemi ɗaki ka biya. Kada ka sa tukunyar gas a ciki, kada a bar inji a kunne ana barci don sanyin esi, hayaƙin yana kashe mutum bai farka ba. Ku yi magana da mai mota a gaban shaidu kan wa zai biya in ta lalace.

In son raina ne ma ka fasa, kowa ya hau motar haya. Ko da yake kuma, yarana har gobe suna ba da labarin raƙuman da suka gani a hanya, ba zan ce kada naka su gani ba. To ka je, amma ka rage kaya rabi, ka tsaya duk bayan awa biyu inda akwai masallaci da makewayi ko ba wanda ya nema, ka tambayi matarka ku biyu kafin ka ba da kuɗin shata. Tsohuwa kam kada ta shiga motar nan. A saya mata tikitin jirgi, in babu hali a bar ta a gida ta yi fushinta.