Koyar da hasashe: ka tsaya inda labari zai juya

Malamin firamare a Daura, kada ka ɗauko labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu don koyar da hasashe. Yaran sun san ƙarshensa tun suna goye, hadda kawai za su kawo maka. Nemi gajeren labarin da ba su taɓa ji ba, wanda bai wuce shafi biyu ba. Ka karanta shi tun a gida, ka sa alama da fensir a wuri uku.

Na farko shi ne sunan labarin. Rubuta shi a allo, littattafai a kife, ka tambaya: su wa za mu tarar a ciki, me zai same su? Minti uku ya isa.

Na biyu ne ke da aiki. A ce yarinya ce mai tallar fura, uwarta ta ja mata kunne kada ta ba kowa bashi. Sai ga wani mai babbar riga ya shanye furar, ya ce bari ya shiga gida ya kawo kuɗi. Nan za ka rufe littafi. Wanda duk ya ce mutumin ba zai fito ba, ka ce masa, "Me ka ji a labarin da ya sa ka ce haka?" In ya kawo gargaɗin uwar, to yana biye da kai, domin marubuci ba ya sa gargaɗi a banza. Wanda ya ce zai fito saboda shigarsa ta mutunci ce, shi ma ya zo da hujja. Rubuta su duka biyu.

Na uku, dab da ƙarshe, a koma allo a ga wanda zai sauya ra'ayi, da jimlar da ta sa shi.

Inda darasin ya fi lalacewa shi ne fuskar malami. Da ka yi murmushi ga amsar da ta dace, sai yara su bar labarin su koma karanta fuskarka. Yaba wa wanda ya canka daidai ma illa ce, don gobe mai kunya ba zai ɗaga hannu ba. Tsayawa fiye da uku kuwa tana tsinka zaren labarin. In ajin ya cika maƙil, a sa su bibbiyu, kowa ya rubuta hasashensa a jimla ɗaya kafin a ji ta bakin kowa, in ba haka ba 'yan bencin gaba ne za su cinye darasin.