Jakar tsingaro

Talata, bayan isha'i, Marwa

Yau ma dosiyen neman shiga mastar, wato digiri na biyu, a ilimin tonon kayan tarihi bai shiga ba. Tun ƙarfe 7 na hau kilando, babur ɗin haya, zuwa ofishin da ake buga wa takardu hatimi, riƙe da kwafin lisans ɗina, wato digirina na farko, da sakamakon shekara 3, da takardar haihuwa. Mai sa hannun bai iso ba sai wajen 11, da ya zo kuma aka ce tambarin da ake liƙawa ya ƙare, a dawo gobe. Ban ja da su ba. Wanda ya shekara 4 yana bin 'yan kwangila bashin siminti ya san "dawo gobe" ciki da bai.

Tunda na riga na nemi izini a shago, sai na zarce wurin malamin jami'ar da wani abokina ya haɗa ni da shi. Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka ba ta juyawa, kwalaye jibge har bakin taga. Mun fara da Faransanci, da ya ji sunan unguwarmu sai ya juya Hausa. Ya duba takarduna ya ɗago kai.

"Lissafin kuɗi ka karanta. Me ya kawo akawu wurin masu tonon ƙasa?"

Na miƙa masa wasiƙar da na kwana 3 ina gogewa. Layin farko kawai ya karanta, inda na ce tun ina yaro nake son tarihi, ya ajiye.

"Ɗana, kowa haka yake rubutawa. Gaya mini gaskiyar abin."

Sai na ba shi labarin abin da ya faru a garin Kusiri. Shekara 2 da suka wuce Kawu yana haƙa tushen ɗaki a bayan gidansa, diga ta ci karo da wata ƙatuwar randa, an kife ta da wata. Kafin in iso leburori sun farfasa ta, wai ko akwai zinariya. Ƙasusuwa ne a ciki, da 'yan duwatsun wuya. Liman ya sa aka mayar da ƙasusuwan aka rufe, aka ci gaba da gini. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. A nan na fara karanta labarin Sao, mutanen da suka zauna a kudancin Tafkin Chadi, suke binne mamatansu a manyan randuna, waɗanda Kotoko ke cewa kakanninsu ne. Har na tsallaka gadar Ngeli na je Gawi, kusa da Njamena, na ga irin randunan a gidan tarihi.

Malam bai ce komai ba. Ya jawo wata jakar leda daga kwali ya zazzage a tebur. Tsingaro ne, wasu ja wasu baƙi, kowanne da 'yar lamba da aka rubuta da tawada a bayansa.

"Me ka gani?"

Gabana ya faɗi. Na ɗauki ɗaya, akwai zane a jikinsa kamar sawun igiya. Ya ce haka ne, murɗaɗɗiyar igiya ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu kafin a gasa. Ban san abin da zan ƙara ba, sai hannuna ya kama aikin da ya saba: na jera su bisa lamba, na duba takardar da ke cikin ledar.

"Malam, a nan an rubuta 14. Waɗannan 13 ne. Babu na 9."

Ya tuntsire da dariya, ya shiga ɗaga littattafai. Can ƙarƙashin wata jarida ya samo shi, ashe da shi yake danne takardu. Daga nan hirar ta sake. Ya ce mai tono yana rusa abin da yake nazari ne da hannunsa: ka kwashe wannan shimfiɗar ƙasa, ta tafi ke nan har abada, abin da ka rubuta a littafi shi kaɗai ya rage. Randar Kawu, in ji shi, ba fasawar ce ta fi ciwo ba, rashin wanda ya auna zurfinta ya rubuta abin da ke kewaye da ita ne. Da an tsinci gawayi a gefenta, da an san shekarunta, domin sinadarin kabon 14 da ke cikinsa rabinsa ke zagwanyewa duk shekara 5,730. Na ce ai wannan lissafin raguwar darajar kaya ne, irin wanda nake yi wa motar shago duk ƙarshen shekara. Ya ce to, banbancin dai ita motar ba ta kai haka.

Amma bai shafa mini mai a baki ba. Masu lisans na tarihi da labarin ƙasa su ke gaba a layi, kuma kwamiti na iya cewa in koma aji 3 na lisans in cike giɓi kafin in taɓa mastar. Ban taɓa riƙe cokalin tono ba, wannan ma abin dubawa ne. Sai kuma Turanci. Aikin Jean-Paul Lebeuf, wanda ya fara tonon tuddan Sao tun shekarun 1930, da Faransanci yake, wannan ba matsala. Amma Graham Connah da ya tona tudun Daima a Borno a 1965 da 1966 da Turanci ya rubuta, haka yawancin aikin Nicholas David a duwatsun Mandara. Turancina kuwa na rasit ne da lambar kwantena. Ya ba ni shawara in bar zancen "wayewar Sao" gaba ɗaya, ya fi ƙarfin mastar, in kama tambaya ƙarama: tuddai nawa ne gine-gine suka cinye a gari ɗaya, a cikin shekara nawa, wa ya ga me. Ƙidaya ke nan. Raina ya so wannan.

Da magariba na tarar da Baba a kan tabarma yana sauraron rediyo. Ya riga ya ji, Inna ba ta iya riƙe magana.

"Wato albashin ne ya ishe ka, za ka koma tonon kabarin mutanen da? Wa zai ba ka 'yarsa?"

"Baba, ba barin aikin zan yi ba tukuna. Kuɗin makaranta sefa 50,000 ne a shekara, zan iya."

Na gaya masa lokacin da aka shimfiɗa bututun mai daga Doba zuwa Kribi, kilomita 1,070, masu wannan ilimi suna tare da injinan haƙa, ana biyansu. Na ƙara da cewa kufan duwatsu na Diy-Gid-Biy, nan Mandara bayan gidanmu, UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2025. Ya ce UNESCO ba ta auna gero. A nan kam ban da amsa, don ni ma na san guraben aikin ba su da yawa. Amma bai ce a'a ba, cewa ya yi in ci tuwo.

Yanzu na kira Kawu in ji ko akwai abin da ya rage na randar. Ya ce gindinta na nan, kaji ke shan ruwa a ciki. Na roƙe shi ya ɗauke ya sa a ɗaki, kada a kankare, kuma ya tuno mini zurfin ramin. Ya ce shi dai ya san ya kai wa Ɗanjuma birkila ƙirji. Ɗanjuma kuwa gajere ne, sai na je da awo na gwada shi. Na yage wasiƙar farko. Gobe hatimi tukuna.