Wuni guda a Elmina

Jiya ni da Maigida muka wuni a Elmina, bakin tekun Ghana. Tun kan gada ƙarnin kifi ya tarbe mu, jiragen masunta maƙil a tafkin Benya, kowanne da tutarsa.

Hira ta ɗauke da muka shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Kurkukun bayi mata duhu ƙirin, ba iska, gwamna kuwa yana can sama da tagoginsa. Ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, sai ka karkace kafin ka wuce. Gwiwata ta yi sanyi, wallahi.

"Hajiya, taso mu ci kifi," in ji shi. Soyayye ne da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, ga barkono. Rabi na iya ci.