Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Canjin da Ban Ƙirga Ba

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na sa hannu a takardar bashin banki, naira 800,000, a ƙarshen 2020. Tun da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, mutanen Maraɗi da ke biyowa ta Jibiya suna sarin atamfa a wurina suka ɗauke ƙafa. Na san kuɗin ruwa ne, na san hukuncinsa, kuma har gobe ina neman gafarar Allah. Da na gaya wa Inna ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi.

Marigayi Baba yana da wata magana da yake yi mana tun muna yara a Ƙofar Marusa, in ya aike mu shagon da ake bin sa bashi: "Ko ana bin ka, ka ƙirga canjinka." A lokacin dariya take ba mu.

Shekara guda da rabi ban ƙirga ba. Alat ya shigo, in kife wayar. Wanda banki ke bi, dila na bi, ga zubin adashi ya tsaya, da wane ido zai duba abin da aka cire masa? Yaya Babba ma cewa ya yi, "Kai da ake bi, rufa wa kanka asiri." Shi ne fa ya raka ni bankin da motarsa ranar sa hannu. Ban manta ba.

'Yata Hafsatu ce ta tono maganar, lokacin tana karatun akanta a Hassan Usman Katsina Polytechnic. Ta matsa sai da na je aka buga mini bayanan asusuna, naira 20 kowane shafi. Bayan isha'i ta baje takardun a tabarma, babu wuta, ƙaninta na haska mata fitilar waya, tana bi layi-layi da jan biro. Can ta ɗago ta ce, "Abba, wannan 8,000 ɗin sau nawa suka ce za su cira?" Na ce ban sani ba. Ta ce ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta ce kuɗin kula da bashi ba ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma sau ɗaya ake cirewa. Ni sau biyar aka cire mini, duk bayan wata uku. Ga kuma naira 50 ta kula da kati, wadda ƙa'idar ta soke wa masu asusun karent irin nawa.

Naira 32,000 ke nan a kan na bashin kaɗai. A cikin watannin nan ne Maman Hafsatu ta sayar da keken ɗinkinta muka biya haya. Wannan ne ke ci mini rai, fiye da kuɗin.

Zuwa uku na yi. Na farko aka ce manaja ya fita. Na biyu wani yaro sa'an ɗana ya duba kwamfuta ya ce, "Alhaji, ai kai ma ana bin ka wata biyu." A gaban mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai maganar Baba ta faɗo mini. Na ce, "Ɗana, bashin nawa ne, ban musa ba. Wannan kuma haƙƙina ne." Na uku na je da wasiƙar da Hafsatu ta rubuta, na ƙi tashi sai da suka buga hatimi a kwafina suka ba ni lambar ƙorafi. A ƙasan wasiƙar ta rubuta cewa in wa'adi ya cika, za mu kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Kwana 26 aka maido. Ban riƙe ko sisi a hannu ba, cikin bashin suka zuba. Duk da haka na sa aka buga mini shafin, na naɗe a aljihu, na kai wa Yaya Babba bayan sallar Juma'a. Ya karanta, ya miƙo mini, ya ce, "To, saura nawa ake bin ka?"

Keken kuwa sai bayan babbar sallah na je nema, aka ce an riga an kai shi Mashi.